Gurbin Ranau a Sahun Gaba

A zamanin Sarki Dangana ne annoba ta shiga bargar Birnin Tumbashi. Doki ya wayi gari yana majina, kafin rana ta take ya kwanta, kafin la'asar an ja shi bayan ganuwa an bar wa ungulu. Tumbashi kuwa duk tinƙahonta a kan sirdi yake. Ko da damina ta ɗauke, abin da ya rage a turke bai taka kara ya karya ba, su ma daga ƙashi sai fata. To, Gulbarawa, maƙiyan Tumbashi tun kaka da kakanni, ba kurame ba ne. Suka ji, suka ɗaura sirdi, suka taso.

Ran da labari ya tabbata aka buga tambari, fada ta cika maƙil. Can kusa da ƙofa Sarkin Karma Tunau ke zaune, shi ne shugaban mayaƙan ƙasa, kuma a Tumbashi wanda ke yaƙi da ƙafarsa ba a cika neman shawararsa ba. Dattijo ne gajere mai faɗin ƙirji, magana tana yi masa wuya kamar ana sayar masa da ita.

Aka shigo da manzo daga kan iyaka, ƙafafunsa duk sun farfashe. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Zaki, garin Kwargaba ya ci wuta. Dawakin Gulbarawa sun rufe daji, ban ga ƙarshensu ba. Sun kashe na kashewa, sun kama na kamawa. Har tsoho Nomau makaɗi, da ya je can duba 'yarsa, na gan shi da igiya a wuya, gangarsa rataye a kafaɗa."

Babu wanda ya kula da zancen makaɗi, ana ta kan birni wa zai tsaya kan ganga? Tunau kaɗai ne gabansa ya faɗi. Nomau makaɗin gidansu ne, shi ke riƙe da taken gidan tun zamanin Gagare mahaifin Tunau.

Galadima ya gyara zama, ya ce, "Ranka ya daɗe, a rufe ƙofofi. Ganuwarmu ba ta taɓa ba mu kunya ba."

Waziri ya ce, "Galadima, ganuwa ba a tuƙa ta a ci. Gero da dawa duk suna gona ba a girbe ba, rumbuna kuwa fayau. In muka kulle kanmu, su ci amfaninmu a waje, mu kuma mu ci junanmu a ciki."

Sai Madawaki Korau, shugaban mahaya, ya zabura. Dogo ne, mai murya kamar aradu, tun da dawakinsa suka mutu bai ƙara dariya ba. Ya ce, "Zaki, a ba ni ragowar da ke turke. In fita, a kaɗa mini takena, in mutu a kan doki kamar yadda ubana ya mutu. Abin da ya biyo baya, Allah ya san shi."

Sarki ya juya wajen Magajiya, tsohuwar da ke duba wa gidan sarauta, ya tambaye ta abin da ta gani. Ta ɗago ta ce, "Na ga birni a tsaye, hayaƙi na tashi a kowane gida, sai gida ɗaya." Kowa a fada ya shiga lissafin ko nasa ne.

A nan ne Tunau ya matso da gwiwa ya nemi izini. Ya ce, "Allah ya taimaki Sarki. Ina saurayi na yi wa wani ayari rakiya har Masar. A can wani tsoho ya ba ni labarin mutanen wata ƙasa mai duwatsu, Makadoniya, waɗanda a da can suka tsai da dawaki da ƙafa. Tun da na ga doki na farko ya faɗi na sa aka saro gora a bakin gulbi, maƙera suka yi mata baki da gindi. Manoma da masaƙa da majema, duk ina koya musu a bayan ganuwa."

Madawaki ya ce, "Au, waɗannan dogayen sandunan? Ni na zaci 'ya'yan kuka za ku kaɗo."

Aka ɗan yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Tunau ya ci gaba. "Mashin ya yi tsawon mutum uku, da hannu biyu ake riƙe shi. Saboda haka garkuwa ba ta samun hannu, a wuya ake rataye ta, ta zauna a kafaɗar hagu. Rabinta kawai ke kare mai ita. Ɗaya rabin na wanda ke hagunsa ne. Ni kuma damata a buɗe take, sai garkuwar maƙwabcina ta rufe ta. Ranka ya daɗe, a wannan yaƙi garkuwar mutum ba tasa ba ce. Shi ya sa nake roƙon abu biyu. Kada a buga ganga ko ɗaya a rundunarmu. Wanda kuma ya fita daga sahu, a rufe gurbinsa, ba za a sake buɗe masa ba."

Tirƙashi! Fada ta ɗauki hayaniya. Yaƙi ba kiɗa, ba kirari? A Tumbashi kowane gidan jarumai yana da takensa, in aka kaɗa, mai shi dole ya fito gaban jama'a ya amsa, ko da a kan gadon ciwo yake. Wanda ya ji takensa ya noƙe, ya gama yawo, ko ruwa ba a sha a gidansa.

Madawaki ya miƙe tsaye, ya nuna Tunau da yatsa. "Sarkin Karma, kana so ka mai da 'ya'yan sarauta shinge. To, ka fara da gidanka. Ina ɗanka Ranau, wanda bai taɓa jin ganga ya zauna ba? Ka sa shi a sahun gaba. In ya fita, kai da bakinka za ka ce a rufe?"

Ranau ɗan Tunau ne na fari, kuma shi kaɗai ya rage masa. Tunau ya sunkuyar da kai ya ce, "Zan ce."

Sarki Dangana ya dube su duka biyu, ya ce, "Mun yarda. Babu ganga. Kai kuma Madawaki, tun da ba doki, ka ɗauki gora ka tsaya a bayan yaron, ka ga abin da ka nema da idonka."

Da yamma Tunau ya iske ɗansa a filin horo. Mutane na ta fama, wannan ya juya da mashi a kwance ya maka wa na kusa da shi a ƙeya, wancan igiyar garkuwa ta goge masa wuya har jini. Masu koyarwa na ta kwarara ihu: a ɗaga sama kafin a juya, sahu biyar na gaba su kwantar, na baya su karkata nasu sama don kibau. In suka daidaita kuwa abin ya ba da tsoro, baki a kan baki har hawa biyar, ko akuya ba ta samun hanyar kutsawa.

Ranau na tsaye da gora a hannu yana hararar ta. Kyakkyawan saurayi ne, ga ƙarfi ga fara'a, 'yan matan Tumbashi har waƙa suke yi masa a bakin rijiya. Tun da aka haife shi Tunau bai taɓa kiran sunansa ba, don kunyar ɗan fari. Sai dai "kai", ko "yaron nan".

Ya ce, "Kai, zo nan."

Ranau ya durƙusa. "Baba."

"Ka ji sun kama Nomau."

"Na ji, Baba. Wallahi tun da na ji ban iya haɗiye ko ruwa ba. Mutumin da ya goya ni a kafaɗa."

"Ba don baƙinsa suka bar shi da rai ba, don gangarsa ne. Gulbarawa sun san mu kamar yadda muka san su. Za su sa shi ya kaɗa."

Ranau ya ce, "A toshe mini kunne da auduga mana."

"Da wane kunnen za ka ji ƙaho in an ce a kwantar ko a rufe? Da kunnenka a buɗe za ka tsaya. Dubi wanda ke hagunka." Ya nuna wani siririn mutum mai suna Cindo, masaƙi, wanda gora ke rinjayarsa. "'Ya'yansa ƙanana ne. Haƙarƙarinsa na dama a bayan garkuwarka yake. In ka taka gaba, kai ka kashe shi."

"Baba, kai ne fa ka koya mini. Tun ina rarrafe, in Nomau ya kaɗa kai ke ɗaga ni tsaye."

Wannan magana ta soki Tunau, don gaskiya ce. Ya kau da kai ya ce, "Ni ne. Yanzu kuma ni ke ce maka ka tsaya."

Ranau ya dafa ƙafar ubansa. "Zan tsaya, Baba. Na yi alkawari."

Ran gamo, tun da hantsi Tunau ya jera rundunarsa a wani fako, gulbi a hagu, dutse a dama, yadda doki ba zai zagayo ba. Shi ya hau kan wani suri a baya, mai busa ƙaho a gefensa. Bai taɓa ganin mutanen Tumbashi sun je yaƙi shiru haka ba, sai ka ce jana'iza. Kana jin haƙoran wasu na kaɗawa. Can bayansu ga ganuwa, mata da tsofaffi sun yi cincirindo a kanta, kowa ya san in wannan shinge ya ɓalle babu wani a bayansa.

Gulbarawa suka ɓullo. Kai, jama'a! Ƙasa har rawa take yi. Suka fara da kibau, kibau suka yi ta karo da gorar da aka karkata sama suna zubowa kamar ƙanƙara a kan jinka. Sannan mahaya suka sako a guje. Tunau ya sa aka busa, sahu biyar suka kwantar da masu lokaci ɗaya. Dawaki suka iso, suka ga bakin ƙarfe reras, suka turje. Na baya suka turo na gaba, bakin ƙarfe ya tsire waɗanda aka turo. Mahayi ya kai sara, takobinsa bai ko kai rabin gora ba. Suka ja da baya, suka sake zuwa, suka sake komawa da asara. Masaƙa da majema suka dubi juna, ba su yarda da idonsu ba.

Tunau bai yi murna ba. Idonsa na can inda Gulbarawa suka dare gida biyu.

Ai kuwa, sai ga Barden Gulbare ya fito a kan wani baƙin doki, yana jan tsoho da igiya. Nomau ne, kansa ba hula, ganga a hammata. Suka tsaya a tsakiyar fili. Barde ya daka masa tsawa, ya ce ya kaɗa taken gidan Gagare. Tsohon ya kaɗa wani abu can daban, kamar wanda ya manta. Barde ya zabga masa bulala a fuska. Ya sake kaɗa shirme, aka sake zabga masa har ya durƙusa. Sai Barde ya zare takobi ya ɗora masa a wuya.

Nomau ya kaɗa. Hawaye na zuba, amma hannun da ya shekara da shekaru yana abu ba ya iya ɓata shi. Ganga ta yi magana sarai, duk ɗan Tumbashi ya ji abin da take cewa: fito, jinin Gagare, fito, fili naka ne.

Tunau da kansa ya ji tsikar jikinsa ta tashi, ƙafarsa ta dama ta motsa ba da saninsa ba. Ya danne ta. Ya dubi sahun gaba. Ga Ranau can, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, amma yana tsaye. Aka kai ƙarshen take, bai motsa ba. Aka sake, bai motsa ba. Tunau ya ce a ransa, Allah ka riƙe mini shi, Allah ka riƙe mini shi.

Barden Gulbare ya miƙe a kan likkafa ya kwarara murya. "Mutanen Tumbashi! Ashe gidan Gagare ya ƙare ba mu ji ba? Ko wanda ke can ba jininsa ba ne? To, gangar da ba ta da mai amsawa, me za a yi da makaɗinta?" Ya ɗaga takobi a kan tsohon.

Gora ta faɗi ƙasa.

Ranau ya fice kamar an harba shi, takobi a hannu, yana kirari da muryar da ta kai har ganuwa. Abin takaici, mutanen kan ganuwa guɗa suka yi! Su abin da suka saba gani ke nan, su a ganinsu yanzu aka fara yaƙi.

Kafin guɗar ta mutu kibiya ta sami Cindo masaƙi a ƙarƙashin hammatar dama, daidai inda garkuwar Ranau take a da. Ya sulale. Na hagunsa ya ga damarsa a buɗe, ya firgita ya matsa, na kusa da shi ma ya matsa, sahu ya fara karkacewa. Gurbin mutum ɗaya ya zama ƙofar da shanu za su shiga.

A fili kuwa Ranau ya yi abin da aka san shi da shi. Ya goce wa saran Barde, ya kamo ƙafarsa ya fizgo shi ƙasa, ya gama da shi. Ya yanke igiyar Nomau, ya tura tsohon cikin wani kwazazzabo. Amma abin da Gulbarawa ke jira ke nan. Gaba ɗayan dawakinsu suka dunƙule, suka nufo wannan ƙofa da ta buɗe. Ranau ya waiga ya gan su, ya dubi sahu, ya ga ɓarnar da ya yi. Ya juyo a guje, kibiya ta same shi a cinya, ya ci gaba yana ɗingishi.

Tunau na ganin komai daga kan suri. Yaron na tafe, dawaki na bayansa, tazarar na ƙanƙancewa. In aka bar gurbin zai shiga. Zai shiga, su ma su shiga a kan dugadugansa, kuma mai dogon mashi in doki ya shigo masa ta gefe ba shi da abin yi sai mutuwa. Daga nan sai ganuwa, sai matan da ke guɗa.

Mai ƙaho ya ɗora ƙaho a baki yana kallonsa. A sahu na biyu Madawaki Korau ya waiwayo, fuskarsa jage-jage da hawaye, yana girgiza kai, yana cewa, "Kada ka faɗa, Sarkin Karma! Na janye maganata! Ka ba shi ko numfashi ɗaya!"

Tunau ya buɗe baki, abin da ya fito ba umarni ba ne.

"Ranau!"

Duk wanda ya san gidan sai da jikinsa ya yi sanyi. Yaron ma ya ji, ya ɗago kai yana gudu, ya nemi fuskar ubansa har ya same ta.

Tunau ya ce, "A rufe."

Ƙaho ya yi kuka. Madawaki ya taka gaba ya tsaya a gurbin Ranau, ya karkata kafaɗa ya rufe na hagunsa. Wani ya haye gawar Cindo ya cike nasa. Garkuwa ta haɗu da garkuwa, masu suka sauko hawa biyar.

Ranau ya ja ya tsaya, bakin ƙarfen mutanensa na kallon ƙirjinsa. Bai roƙi kowa ba. Ya ɗaga hannu ya yi wa ubansa jinjina, ya juya ya fuskanci dawaki.

Gulbarawa sun riga sun saki linzami, ƙofa suka nufa, ba su da halin tsayawa. Suka afka wa bango. Ƙarar da aka yi ran nan, waɗanda suka ji ta sun ce har suka mutu ba ta bar kunnensu ba. Gora ta yi ta karyewa, ta baya na maye gurbinta. Doki a kan doki, mahayi a ƙarƙashin mahayi. Da Tunau ya ga sun cuɗe, ya sa aka busa a ci gaba, shingen ya fara tafiya a hankali, yana turawa, yana turawa, har ya kai su bakin gulbi. Kafin rana ta karkata Sarkin Gulbare ya tsallake ruwa ba rawani, tutarsa na yashe a cikin laka.

Tunau bai bi su ba. Ya sauko daga suri ya yi ta jan matattun dawaki da hannunsa har ya sami abin da yake nema. Garkuwar na nan rataye a wuyan yaron, ko tsaga ba ta yi ba. Ya zauna a ƙasa ya ɗora kan yaron a cinya, yana share masa ƙasa daga fuska. Nomau ya rarrafo daga kwazazzabo ya faɗi a gefensu yana kuka kamar ƙaramin yaro. Madawaki ya iso da guntun gora a hannu, ya durƙusa, shi da bai taɓa durƙusa wa mai yaƙin ƙasa ba.

Can a birni labari ya kai cewa an ci nasara. Sarki ya ce a saki ganguna. Makaɗan fada suka fito ƙofa da gudu, suka tambayi wa ke da ranar yau, aka ce gidan Sarkin Karma. Su ba su san abin da ke kwance a fili ba. Suka haɗa hannu gaba ɗaya suka kaɗa taken gidan, ya cika fako har ya dawo daga jikin dutse: fito, jinin Gagare, fito, fili naka ne.

Mayaƙa suka yi cirko-cirko suna duban Tunau, don duk duniya shi kaɗai ya rage da zai amsa. Aka kai ƙarshe, aka sake ɗaukowa. Bai tashi ba, bai ko ɗago kai ba.

Ya ce, "Madawaki, aika a ce su bari. Mai amsawar ya riga ya amsa."